Ranar da Aka Bar Lonnie a Ƙarshen Benci

Duk wanda ya taɓa aski a shagon Tubby Renfro ya san hoton. Yana rataye daura da madubi, ya yi ja don tsufa: wani saurayi cikin taɓo har gwiwa, hular fata a ka, hannun dama a sama ya saki ƙwallo. Vester Tackett ke nan, ranar da ƙaramar kwalejinmu ta Pecan Ford ta kayar da 'yan babban birni a wasan zari-ruga, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan, ba a kuma sake yi ba. Shi ne madugun 'yan wasa a lokacin, wanda ake miƙa wa ƙwallo ya faɗi inda kowa zai ruga, sannan ya jefa. Wasan nan ne ya ba shi suna, ya ba shi mata, ya kuma ba shi aikin da ya yi furfura a cikinsa, wato horar da samarin kwalejin, zari-ruga da kaka, ƙwallon sanda da bazara. Babba da yaro Koci suke ce masa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, Koci Tackett bai san komai game da wasan nan ba. Yana tuna fitowarsu fili. Yana tuna wani ƙato ya taho masa ta hagu, gwiwar ƙaton ta same shi a gefen kai. Daga nan sai ganin kansa ya yi a jirgin ƙasa, an ɗaga shi sama ana rera sunansa, takalminsa ɗaya babu. Duk jifan da ake labari, duk dabarar da ake cewa ya shirya, a bakin mutane ya ji su, ya haddace, shi ma ya riƙa ba da labarin a wurin walima kamar ya gani da idonsa. Matarsa Nadine kaɗai ya taɓa gaya wa gaskiya.

Ya ce mata, "Nadine, wani ne fa ya ari jikina ran nan. Ya buga wasansa, ya ajiye mini, ya tafi."

Ta ce, "To ka gode wa Allah da mai aron ya iya wasa. Ci abincinka."

In ya je aski kuwa, sai ya sa Tubby ya juya kujerar ta kalli titi. Tubby yana zaton kunya ce irin ta manya. Ba kunya ba ce, idon da ke cikin hoton ne ba ya son haɗuwa da shi. Fuskar dai tasa ce, amma bai taɓa ganin wannan kallon a madubi ba.

To, muna da wata al'ada a ƙwallon sanda, kuma ba mu kaɗai ba, duk inda ake buga shi haka ne. In mai jifa ya shiga sa'a, zagaye yana bin zagaye ba wanda ya doki ƙwallonsa ya ruga ya kai tasha, wato matsayar farko a fili, to ba a faɗa. Ba a nuna allo da yatsa, ba a yi masa sannu, ba a zama kusa da shi. A bar shi shi kaɗai a ƙarshen benci har ya cika zagaye tara. Tsoron kambun baka ne, ba wani abu ba. Dattijon majami'a da ke zagin masu camfi ran Lahadi, ka same shi ran Asabar ya toshe bakin jikansa da hula. Ban taɓa ganin wauta mai ƙarfin wannan ba, kuma duk garin nan ba wanda bai yi ta ba.

Ranar da nake ba ku labari Asabar ce a watan Mayu, 'yan shekaru bayan samari sun dawo daga yaƙin Koriya. Rana ta take, mutane sun cika katakon zama har da masu tsayuwa a bayan motoci, domin 'yan kwalejin malamai na ƙetaren kogi ne suka zo, kuma ba ma ga maciji da su. Ga kuma wani baƙo mai malafa da sigari a baki a sahun gaba, an ce wani babban kulob na arewa ne ya turo shi ya duba samari.

Mai jifanmu Lonnie Birdwell ne, ɗan shekara goma sha tara, ɗan Harlan Birdwell manomin auduga. Dogo ne siriri, kunnuwa fato-fato, ga baki. Rediyo ake ce masa. Yaron nan yana magana da ƙwallo, yana magana da alƙalin wasa, yana tambayar mai sanda lafiyar ƙanwarsa ana tsakiyar jifa. Ƙarfin hannu kam Allah ya ba shi, saiti ne babu. Koci yakan ce in Lonnie ya auna rumbu, to kaji su yi ta kansu.

A zagaye na biyu layi ya zo kansa ya riƙe sanda. Lokacin ba a san hular kwano ba, ta ƙyalle ce a kan kowa. Mai jifan 'yan ƙetaren kogi ya saki wani da ya kuɓuce masa, ƙwallon ya taso ya samu Lonnie a gefen kai, tsakanin ido da kunnen dama. Ƙarar ba ta da yawa, irin ta ƙwanƙwasa kankana ce a kasuwa. Ya zube.

Kafin Koci ya iso har ya tashi zaune yana laluben hularsa.

Ya ce, "Koci, ce wa wancan ya sake. Ban ji ba."

Koci ya tsuguna ya ɗaga masa yatsu. "Nawa ka gani?"

"Uku, yallaɓai. Na tsakiyar yana bukatar wanki."

Fili ya kwashe da dariya. Ubansa ya ɗaga murya daga saman katako, "A shafa masa ƙasa! Kan Birdwell ne, ƙwallon za a duba!" Aka sake dariya. Koci ya taɓa wurin, ya ji ɗan kumburi kawai, ko jini babu. Ya daki kafaɗarsa, Lonnie ya tafi tasha yana ɗaga wa 'yan mata hula.

Zagaye na uku ya wuce, na huɗu ya bi shi. Duk wanda ya zo gaban Lonnie da sanda sai ya kaɗa iska ya koma. Tsohon da ke kula da allo ya riƙa rataye sifili bayan sifili a layin baƙi. A na biyar ne mutane suka fara lura. Sai ka ga mutum ya saci kallon allo, ya yi sauri ya sunkuyar da kai kamar ya ga surukarsa tana wanka.

Koci yana kallo lokacin da bencin ya fara matsawa. Lonnie ya dawo daga tudun jifa ya zauna a inda ya saba, na kusa da shi ya tashi wai zai gyara igiyar takalmi, bai dawo ba. Na biye ma haka. Saura Dub Sizemore, mai tsugunawa bayan mai sanda yana cafe jifansa, abokinsa tun suna kamun kifi tsirara. Lonnie ya juyo yana murza goshi.

Ya ce, "Dub, ka san wani abu kuwa..."

Dub ya miƙe ya tafi wajen bokitin ruwa.

Lonnie ya bi shi da kallo, ya dubi bencin da ya zama fayau, ya dubi allo. Sai ya yi ɗan murmushi, ya gane. Ya ja bakinsa ya rufe. Koci ya ji daɗi ma a lokacin, ya ce a ransa yau dai Rediyo ya samu mai kashe shi.

Daga nan shirun ya fara yaɗuwa. Mai dafaffiyar gyaɗa ya daina talla, yana miƙa ƙullinsa da hannu kawai. Matan da suka zo da shayi mai ƙanƙara suka daina hira. Su kansu baƙin, da suka iso da baki har kunne, suka daina gori. Wata mata da jaririnta ya fara kuka ta tashi da gudu ta kai shi mota. Mutum ya fi ɗari biyar a wurin, amma kana jin tattabarun da ke kan rufin ɗakin ajiya. Ba abin da ya rage sai tas! na ƙwallo a safar fata da ke hannun Dub, da muryar alƙali, wanda shi ma ya rage ta kamar yana ɗakin mara lafiya.

Jifan ne ya fara damun Koci. Shekara biyu yana fama da yaron nan, ya san jifansa kamar yunwar cikinsa. Lonnie yakan yi rawa a kan tudu, ya tofa yawu, ya ja wando, ya jefa biyu a hanya ɗaya a daji. Wanda ke tsaye a can yanzu ba ya ko ɗaya. Ya karɓi ƙwallo, ya ɗaga ƙafa, ya saki, ƙwallon ya je ya faɗa daidai inda safar take, Dub ko motsa hannu ba ya yi. Ba sauri, ba jinkiri, ba ya ko share gumi.

Da suka fito daga na shida, Dub ya zo ya tsaya kusa da Koci yana kwance sulken ƙirjinsa, bai dube shi ba. Ya yi magana ta gefen baki.

"Koci, ba ya duba alamar da nake ba shi ta irin jifan da zai yi."

"To me yake jefowa?"

"Abin da zan nema. Kafin in sauke yatsa ya riga ya taho." Ya ajiye sulken. "Ni fa ban ce komai ba."

"Ba ka ce ba."

Koci ya karkata ya dubi ƙarshen benci ta wutsiyar ido. Lonnie yana zaune a miƙe, hannun hagu da safarsa yana kan cinya kamar an ajiye masa shi. Ƙuda ya sauka a kumatunsa, ya yi tafiyarsa har gefen baki, bai kore shi ba. Can sai ya tashi, ya zagaya bayan ɗakin ajiya, aka ji yana amai. A cikin shirun nan kowa ya ji. Samari goma sha biyar suka zuba wa takalmansu ido. Ya dawo ya zauna a inda ya tashi.

Koci ya ce wa kansa fargaba ce. Wa zai ga malafar nan a sahun gaba cikinsa bai juya ba? Shi ma da ƙuruciya ya sha yin amai kafin wasa.

A na bakwai Lonnie ya bi ta gabansa zai fita, kusa ƙwarai, har inuwarsa ta taɓa shi. Koci ya ɗaga kai ba da niyya ba, suka haɗa ido. Baƙin idon dama ya buɗe ya cinye launin duka, na hagu kuwa ɗan tsito kamar kan allura. Amma ba wannan ne ya sa tabar da Koci yake taunawa ta kusa shaƙe shi ba. Kallon ne. Ya san shi. Shekara ashirin da wani abu yana sa a juya kujera a shagon Tubby don kada ya haɗu da shi. Kallon ya sauka a kansa, ya ɗan daɗe, ba gaba ba fara'a, irin na wanda ya gamu da tsohon maƙwabci a tashar mota. Sannan ya wuce.

Sanyi ya bi bayan Koci a cikin ranar nan. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

Ya zauna yana gardama da kansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, wataƙila idonsa ne ke yi masa gizo. To ko da gaskiya ne ma, shi ba ga shi ba? An buge shi, wani ya gama masa wasan, ya farka garau, kuma duk abin da ya mallaka a duniya daga ranar nan ya fito. Yaron nan ɗan mai noman auduga ne a gonar da ba tasa ba. Yau ce ranarsa, ba lalle ya sake samun wata ba. In ya cire shi, likita ya duba ya ce ba komai, da wane ido zai kalli Harlan Birdwell? Da wane ido zai kalli Lonnie kansa? Amma wata zuciyar ta ce masa, Vester, kai ba ka yi amai ba, kuma ba wanda ya ce maka hannunka ya mutu a cinya. Yaron nan kansa yana zubar da jini ta ciki, kuma kai kaɗai ka sani.

A na takwas ya miƙe. Ya kama hanyar ƙarshen benci, yana jin idon samarin nan a ƙeyarsa. Dub ya riƙo gefen rigarsa.

Ya ce a hankali, "Koci, don Allah. Don girman Allah. Saura kaɗan."

Ya fizge rigarsa ya ci gaba. Ya zo daidai bokitin ruwa, tsakaninsa da yaron bai fi a miƙa hannu ba. Lonnie bai juyo ba, amma Koci ya ga yatsun hannunsa na dama suna ɗan motsi a kan katako, suna matsowa wajensa. Sai mutumin nan, ƙaton da ya taɓa karya haƙarƙari biyu ya gama wasa, wanda ya taɓa korar shugaban kwaleji daga filinsa, ya sunkuya ya ɗauki moɗa, ya sha ruwan da ba ya jin ƙishinsa, ya juya ya koma mazauninsa. Kaico! Ba wanda ya ɗaure shi, ba wanda ya nuna masa bindiga. Kalma ɗaya ce ta gagare shi, don kada a ce shi ne ya yi baki.

Aka shiga zagaye na tara muna gaba da ci ɗaya, saura masu sanda uku Lonnie ya fitar a tashi. Lonnie ya tashi ba wanda ya ce masa lokaci ya yi. Yana tafiya ƙafar hagu tana jan ƙasa, ta bar layi a ƙura tun daga benci har tudu. Kowa ya ga layin nan. Ba wanda ya ce uffan.

Na farko ya zo, jifa uku, ya koma. Na biyu ya zo, bai ma ɗaga sandar ba, ya tsaya yana kallon mai jifan, ƙwallo ya wuce shi sau uku, ya koma da sauri kamar wanda aka sallama daga kurkuku. Na ƙarshe ya fito yana goge tafin hannu a wando. Jifan farko ya kaɗa iska. Na biyu ma haka. Mutane suka miƙe tsaye gaba ɗaya, ba tafi, ba ihu, sai ƙarar katako da aka sauke wa nauyi.

Dub ya mayar da ƙwallo. Lonnie bai ɗaga safa ba, hannun ya ƙi tashi. Ƙwallon ya daki ƙirjinsa ya faɗi. Ya sunkuya a hankali ya ɗauka da hannun dama, ya miƙe, ya gyara tsayuwa.

Koci bai san lokacin da ya tsallake farin layi ba.

Sautin farko da filin nan ya yi cikin awa guda wani nishi ne, kamar na garken shanu. Sannan aka ɓarke.

"Tackett! Koma!"

"Ya haukace! Ku riƙe shi!"

Muryar Harlan Birdwell ta fi ta kowa. "Tackett, ka taɓa mini yaro sai na kashe ka! Naka ya wuce, ka bar shi ya yi nasa!"

Wani ya jefo kwalba. Alƙalin wasa ya tare shi a hanya ya cire garkuwar fuskarsa. "Vester, kana cikin hankalinka kuwa? Jifa ɗaya fa!" Koci ya ture shi gefe ya wuce.

Ya hau tudun. Yaron bai dube shi ba, idonsa yana kan safar Dub. Kusa da shi sanyi ne, kamar ka buɗe ƙofar rijiya. Leɓɓansa suka motsa kaɗan, murya ta fito, a kwance, ba gaggawa.

"Saura ɗaya, Vester. Kai ai ka bari an gama naka."

Ba ɗalibin da ya taɓa kiran sunansa gatsal. Kuma ban da Nadine ba mahalukin da ya san zancen nan. Koci ya ji kamar ya juya ya gudu. Hannun yaron ya fara ɗagawa zai yi jifa. Sai Koci ya kama wuyan hannun da hannu biyu, ya buɗe baki da ƙarfi.

"Lonnie! Lonnie Birdwell! Ɗana, me ke damunka?"

Ya ga kallon ya fita. Da idonsa ya gani, kamar mutum ya tashi daga bakin taga. Abin da ya rage yaro ne ɗan shekara goma sha tara, kunnuwa fato-fato, fuska ta yi fari, ya tsorata. Ya dubi Koci, bakinsa ya karkace, hawaye ya zubo ta ido ɗaya.

Ya ce, "Koci, kaina. Tun ɗazu nake so in faɗa, na ga ba a magana."

Ƙwallon ya suɓuce daga hannunsa. Ya sulale, Koci ya tare shi.

Ya ɗauke shi a kafaɗa ya ratsa fili, ana ta zaginsa, domin na nesa ba su gane ba tukuna. Dub ne ya tuƙa su a wata motar ɗaukar kaya, da sulkensa a jiki, yana kuka yana tuƙi. Koci yana baya da kan yaron a cinyarsa, yana ta yi masa magana. Duk abin da ya zo bakinsa faɗa yake, labarin kifi, labarin kaji, sunayen 'yan matan da suka zo kallo. Asibiti yana can hedikwatar gunduma, tafiya ce mai nisa a kan tsakuwa. Suna hawa gadar kogi numfashin ya canza, kafin su sauka ya tsaya.

Likitan ya ce jijiya ce ta fashe a ƙarƙashin ƙashin tun bugun farko, jini ya yi ta taruwa. Ya ce da an kawo shi lokacin da ya fara amai, da ya huda ƙashin ya zubar, yaron ya tashi. Da aka gaya masa cewa a tsaye yake yana jifa har zagaye na tara, sai ya cire tabarau ya dubi Koci, ya ce kada a yi masa wasa da hankali, mai irin wannan kan ba ya tsayuwa, balle jifa.

Kada ku zaci garin ya yi nadama. Wasu sun yi, a ɓoye. Amma abin da aka riƙa faɗa a shagon aski da ƙofar majami'a shi ne, yaro yana tsaye lafiya lau har sai da Tackett ya yi masa magana. Kowa ya gani, ana kiran sunansa ya faɗi. A wurin jana'iza Harlan Birdwell ya ƙi karɓar hannunsa, ya ce, "Jifa ɗaya, Tackett. Ko shi ba ka bar masa ya tafi da shi ba." Abin da ya fi ci wa Koci rai shi ne, wani lokacin shi ma yakan rasa wanne ne laifinsa, maganar da ya yi ko wadda bai yi ba.

Bayan an share makoki, wata safiya yana bayan gida yana ɗaure tumatir a jikin sanda, Nadine ta leƙo ta ce yana da baƙuwa. Ardith Birdwell ce, mahaifiyar Lonnie, 'yar ƙaramar mace mai hannuwan aiki. Ta sa rigar zuwa majami'a, ta tako da ƙafa tun daga gona. Ta ƙi shiga ciki, ta ƙi zama, ta ƙi shayin da Nadine ta kawo.

Ta ce, "Koci, ba rigima ta kawo ni ba. Na ga bakinsa ya motsa a kan tudun nan. Kai kaɗai ne a kusa. Me ya ce?"

Koci ya cire hula. Ya yi tunanin ya ce mata yaron ya ce a gaida Mama. Ba wanda zai ƙaryata shi, kuma za ta koma gida da abin riƙewa. Maganar farko kam, wadda aka kira shi Vester, ya riga ya yanke cewa ba ta ɗanta ba ce, ba zai ba ta ba. Ya dubi fuskarta, ya ga ba irin wadda ake yi wa ƙarya ba ce.

Ya ce, "Madam Birdwell, cewa ya yi, Koci, kaina. Tun ɗazu nake so in faɗa, na ga ba a magana."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar dama abin da take zato ke nan.

Ta ce, "Tun zagaye na shida na gani. Ni na haife shi, na san yadda yake riƙe wuyansa in yana ciwo. Na miƙe tsaye zan kira shi. Har na buɗe baki."

"Harlan ne ya hana ki?"

"Harlan bai ma san na tashi ba." Ta gyara riƙon jakarta. "Dubawa na yi na ga kowa ya yi shiru. Sai na ji kunya, na koma na zauna."

Nadine ta juya ta shige ciki da kofin a hannunta.

Ardith ta ce, "Yaron da tun yana goye bai taɓa barina na yi barcin rana ba don surutu." Sannan ta matso kusa, ta ɗaga kai ta dube shi. "Sake faɗa mini, Koci. Yadda ya faɗa."

Ya sake faɗa mata.